Me ya sa rufe masaƙu ya durƙusar da wasu ma'aikata, wasu kuma suka miƙe?

Tambaya: Mahaifina ya yi shekara goma sha tara yana aikin injin saƙa a wata masaƙa a Kakuri da ke Kaduna. Da aka rufe ta sai ya koma gadi, kuma har ƙarfinsa ya ƙare bai sake samun albashin da ya kama ƙafar na da ba. Amininsa da suka shiga aiki shekara ɗaya, wanda yake sashen lantarki, bai yi wata shida a gida ba ya samu abin yi, daga baya har ya gina gida. Ina neman bayani: idan tattalin arzikin yanki ya sauya, me ke sa albashin wasu ya rushe, na wasu kuma ya tsaya ko ma ya ƙaru?

Amsa: Malam, Allah ya saka wa mahaifinka da alheri bisa wahalar da ya sha. Abin da ya raba shi da amininsa abu ne da masana harkar ƙwadago suka daɗe suna gani a duk inda babbar sana'ar wani yanki ta mutu, kuma bai da alaƙa da ƙwazo ko lalaci. Albashin mutum a masana'anta kashi biyu ne a cure wuri ɗaya. Akwai kason da ake biyan sa saboda abin da hannunsa ya iya, wanda zai tafi da shi duk inda ya je, akwai kuma kason da yake samu saboda wurin da yake aiki, wato girman kamfanin, da ƙarfin ƙungiyar ƙwadago, da shekarun da ya tara a can. Muddin injuna suna juyawa babu mai iya bambance kashin biyu, domin a takarda ɗaya suke fitowa a ƙarshen wata. Ranar da aka sa kwaɗo a ƙofa ne kowa yake gane nawa ne nasa, nawa ne na wurin.

Sai mun koma baya kaɗan kafin a ga girman kason nan na biyu a Kaduna. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki, da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin Ingila. Cikin shekarun 1960 wasu suka biyo baya, daga ciki akwai Arewa Textiles da ke da hannun Japanawa, da UNTL ta 'yan kasuwar Hong Kong, har Kakuri da Makera suka zama unguwannin ma'aikata da ake aiki dare da rana. Waɗannan manyan kamfanoni ne da ke sayar da atamfa da yadi a kasuwar da gwamnati ta killace musu da haraji, wani lokaci ma da haramcin shigo da kaya daga waje, saboda haka akwai ribar da za a yi jayayya a kanta. Akwai kuma masu jayayyar. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da tela ta ƙasa, wadda hedikwatarta take Kaduna, tana cikin ƙungiyoyin da suka fi tsari a Nijeriya, kuma daga cikinta ne Adams Oshiomhole, wanda ya fara aiki a Arewa Textiles, ya fito har ya shugabanci babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, daga 1999 zuwa 2007. Yarjejeniyar da ƙungiya take ƙullawa da masu masaƙu ita ce ke kawo kuɗin gida, da na mota, da na ƙarin lokaci, da asibitin ma'aikata, da ƙarin da ake yi duk shekara. Mutum mai ilimin firamare da ke tsaye gaban injin saƙa yana ɗaukar abin da sa'ansa a kasuwa ko a gona ba ya samu, kuma mafi yawan wannan rata ta wurin ce.

Zaizayar albashi ta riga rufe ƙofofi da kusan shekara ashirin, wannan kuwa mutane sukan manta da shi. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje ya yi wuya, masaƙu suka kasa shigo da sinadaran rini da kayan gyaran injuna, aka fara rage ma'aikata da tura wasu hutun dole. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin sauya fasalin tattalin arziki na SAP, aka karya darajar naira, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga. Ka duba mafi ƙarancin albashi don ka ga abin da hauhawar farashi ta yi: naira 125 da aka amince da ita a 1981 ta haura dala ɗari biyu a canjin wancan lokaci, amma naira dubu 70 ta 2024 ba ta cika dala hamsin ba. A irin wannan yanayi, wanda albashinsa yake jiran zaman tattaunawa kafin ya motsa kullum a baya yake, shi kuwa mai sana'ar hannu da ke yanka farashinsa a kan kowane aiki yana iya ƙarawa gobe da safe. Tun daga nan hanyar mahaifinka da ta amininsa suka fara rabuwa, suna cikin kamfani ɗaya ba su sani ba, idan har aminin yana ɗan taɓa aikin wayarin na gidaje a ranakun hutu kamar yadda masu irin sana'arsa suka saba.

Sauran labarin ka san shi. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, kayan Sin masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa ta halal da ta fasa-ƙwauri daga Kwatano ta hanyar Nijar, wutar lantarki ta gagara, baƙin man da tukwanen masaƙu ke sha ya yi tsada. Kaduna Textiles ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, a Kano kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

To, a nan ne tambayarka take. Mai aikin injin saƙa gwani ne, kada kowa ya raina wannan. Ya san ƙarar injinsa, ya san inda zare zai tsinke tun kafin ya tsinke, yana iya kula da injuna da yawa a lokaci guda, kuma shekaru ne suka koya masa. Sai dai gwanintar ba ta da mai saye idan ba wata masaƙar ba, ga shi kuwa masaƙun garin duk ciwo ɗaya ne ya kama su a lokaci ɗaya. Da kamfaninsa kaɗai ya faɗi, da ya tsallaka titi ya shiga na kusa da albashin da bai yi nisa da na da ba. Wannan shi ne bambancin faɗuwar kamfani guda da sauyin tattalin arzikin yanki: a na biyun, duk masu buƙatar abin da ka iya sun tafi tare, duk masu irin abin da ka iya kuma sun fito titi tare. Shekara goma sha tara da ya tara sai ta zama babu mai lissafa ta, ya shiga layi ɗaya da saurayin da ya zo daga ƙauye jiya yana neman gadi ko dako, har saurayin ya fi shi ƙarfi. Mai lantarki kuwa, da mai walda, da makaniki, da direban babbar mota, abin da suka koya a kuɗin kamfani ana buƙatarsa a kowane gida da kowane shago. Akwai ma wani abin takaici a ciki: rashin wutar da ya taimaka wajen kashe masaƙu shi ne ya cika gari da janareta, kowane janareta kuma yana buƙatar mai haɗa shi da mai gyara shi. Masifar da ta rufe wa mahaifinka ƙofa ita ce ta buɗe wa amininsa kasuwa.

Shekaru ma suna da nasu hukunci, kuma ya saɓa wa abin da ake zato. Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce idan za a rage ma'aikata a fara da wanda ya zo a ƙarshe, don haka matasa ne aka riƙa sallama a zagayen farko. A lokacin an tausaya musu, amma da yawansu sun fita da sauran ƙuruciya, suka koyi wata sana'a tun titi bai cika ba. Dattawan da dokar ta kare su ne suka zauna har ranar ƙarshe, suka fito a shekara arba'in da wani abu ko hamsin, da iyali da 'ya'ya a makaranta, a shekarun da ba wanda zai ɗauke ka almajirin sana'a. An auna wannan a wata ƙasa da ke da cikakkun takardun albashi. Wasu masana uku, Jacobson da LaLonde da Sullivan, sun bi ma'aikatan jihar Pennsylvania ta Amurka da suka daɗe a wurin aiki kafin a sallame su a shekarun 1980, suka wallafa a 1993 cewa ko bayan shekaru biyar zuwa shida abin da suke samu ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka kwatanta da abin da da sun samu. Wannan a ƙasar da ke biyan kuɗin rashin aiki ke nan, da masana'antu iri-iri a kusa. Ina ganin ba a buƙatar dogon lissafi kafin a yarda cewa raunin ya fi zurfi a Kakuri.

Na sama, wato manajoji da akantoci da injiniyoyi masu digiri, sun ji jiki su ma, amma takardarsu tana aiki a ko'ina, suna kuma da abin da za su yi ƙaura da shi. Binciken da David Autor da abokan aikinsa suka yi kan ma'aikatan Amurka da kayan Sin suka kashe wa masana'antu ya nuna haka: masu babban albashi sun fi saurin tsallakawa zuwa wani fanni ba tare da babbar asara ba, masu ƙaramin albashi kuwa sun maƙale a fannin da ke mutuwa suna ta asara shekara da shekaru. A nan gida, sababbin ayyuka masu tsoka da suka fito a daidai wannan lokaci, na kamfanonin wayar salula daga 2001, da na bankuna, da na gine-ginen Abuja bayan an mayar da babban birni can a 1991, sun nemi masu digiri da masu kwamfuta, kuma hedikwatocinsu suna Legas da Abuja. Haɗe bankuna da aka yi a 2005, wanda ya mayar da su 25 daga 89, ya ƙara tattara manyan kujeru a can, har Bank of the North da ke Kano ya narke cikin Unity Bank. Don haka idan aka ce tattalin arzikin ƙasa ya bunƙasa a shekarun 2000, gaskiya ne, sai dai ayyukan da suka mutu da waɗanda aka haifa ba gari ɗaya suke ba, ba kuma mutane ɗaya suke nema ba. Ko a cikin sababbin ayyukan an sake raba ma'aikata gida biyu, domin da yawa daga masu zama a kanta a banki ma'aikatan kwantiragi ne da wani kamfani ya kawo, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da na dindindin a kan albashin da bai kai nasu ba.

Rukunin da na fi so ka lura da shi shi ne wanda bai taɓa taka ƙofar masaƙa ba, domin su ne suka fi yawa kuma babu ƙungiyar da ke ƙirga asararsu. Dukan da suka sha biyu ne. Na farko, albashin dubban ma'aikata shi ne cinikin mai tuwo da ke bakin ƙofa, da mai shayi, da tela, da mai gidan haya, da mai kanti da ke ba da bashi sai ƙarshen wata. Da albashin ya tsaya, cinikin ya tsaya. Na biyu, waɗanda aka sallama ba su zauna a gida ba, domin a ƙasar da ba a biyan kuɗin rashin aiki talaka ba shi da halin zaman banza. Sun sayi babur sun shiga acaɓa, sun kafa tebur, sun nemi gadi da dako da aikin gini. Sana'o'in nan ba su da ƙofa, kowa yana iya shiga, kuma duk wanda ya shigo ya rage wa na ciki rabo, ga fasinjoji da masu saye sun ragu. Shi ya sa alƙaluman rashin aikin yi ba sa nuna girman ɓarnar: kowa yana fita da safe, abin da yake komawa da shi da yamma ne ya ƙanƙance. Su ne kuma ba su da kariya idan hukuma ta sauya doka, kamar yadda aka gani a Kano a watan Janairun 2013 da aka hana ɗaukar fasinja a babur, mai hali ya koma A Daidaita Sahu, marar hali ya koma tuƙa na wani yana kawo balas kullum.

Ana yawan cewa irin wannan rauni yana warkewa da kansa idan an yi haƙuri, wai jari zai zo inda lada ya yi araha. Abin da aka gani a Brazil ya ƙaryata wannan zato. Dix-Carneiro da Kovak sun bi yankunan ƙasar da rage harajin shigo da kaya na farkon shekarun 1990 ya fi shafa, suka tarar cewa gibin albashi tsakaninsu da sauran yankuna bayan shekara ashirin ya ninka na bayan shekara goma kusan sau uku, kuma da yawa daga waɗanda suka rasa aiki a kamfanoni sun ƙare ne a ayyukan da ba su da rajista. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Idan manyan masana'antu suka tafi, masu kawo musu kaya da masu gyara da masu sufuri suna bin su a hankali, sabon mai zuba jari kuma yana neman inda sauran suke.

Mata sun fi yawa a rukunin nan da bai taɓa taka ƙofar masaƙa ba. A masaƙun arewa maza ne suka fi yawa a gaban injuna, don haka asarar mace ba ta fito a jerin waɗanda aka sallama ba. Ta fito ne a cinikin abinci da ya mutu, da kuma nauyin cefane da ya dawo kanta, ta shiga ƙananan sana'o'in da maƙwabtanta duka suka shiga a rana ɗaya, kowa na sayar wa wanda ba shi da kuɗi.

Ma'aikacin gwamnati labarinsa daban ne, domin albashinsa daga rabon kuɗin tarayya yake zuwa, bai rataya a kan cinikin Kakuri ba. Kujerarsa ta tsira, har ya zama abin sha'awa a unguwar da kowa ya rasa aiki, amma hauhawar farashi tana cin albashinsa tsakanin ƙari da ƙari: naira dubu 18 a 2011, dubu 30 a 2019, dubu 70 a 2024 bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023. Kuma dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ma'ana, ranar da mahaifinka ya bar masaƙa ya koma gadin gidan wani, ya fita daga inuwar dokar gaba ɗaya, duk wani ƙari da NLC ta yi yajin aiki a kansa daga baya a rediyo kawai ya ji shi.

Adalci ne a faɗi cewa akwai waɗanda suka ci riba. Manyan dilolin Kantin Kwari da ke shigo da kaya sun samu, tela ya samu ƙarin ɗinki saboda yadi ya yi sauƙi, mai saye ma ya yi wa iyalinsa kayan salla da kuɗi kaɗan. Sai dai ribar mai saye 'yar kaɗan ce da ta bazu a kan miliyoyin mutane, ta dila kuma ribar jari ce wadda ba ta zama albashin yaran shago ba, ita kuwa asarar ta taru ne a kan unguwanni ƙalilan da manoman audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau da suka rasa babban mai sayensu. Kano da Kaduna ma ba su ji abin iri ɗaya ba. Gunilla Andrae da Björn Beckman, da suka yi nazarin masaƙun biranen biyu, sun nuna cewa na Kano sun fi ƙanƙanta, ƙungiya ba ta da ƙarfi a cikinsu kamar na Kaduna, ma'aikatansu kuma da yawa ba su yanke alaƙa da gona da kasuwanci ba. A fahimtata, wannan yana nufin ma'aikacin Kano daga ƙasa-ƙasa ya faɗo kuma ya tarar da abin dafawa, na Kaduna kuwa, wanda sau da yawa ya baro garinsu mai nisa ya mayar da masaƙa dukan rayuwarsa, daga sama ya faɗo.

Za ka iya tambaya me ya hana shi bin aiki zuwa wani gari. Ƙaura tana son kuɗi da wanda zai sauke ka, mai iyali kuma ba ya kwana a shagon aboki kamar saurayi. Wanda ya mallaki gida a unguwar ma'aikata yana riƙe da kadarar da darajarta ta faɗi tare da masaƙa. Rikicin Kaduna na 2000 da na 2002, da ya raba mazauna garin bisa addini a tsallaken kogi biyu, ya ƙara yanke zumuncin da mutum ke jin labarin aiki ta hanyarsa, a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

Abu na ƙarshe da ke raba ma'aikata biyu masu matsayi ɗaya shi ne kuɗin sallama da lokacin da ya zo. Wanda aka biya garatuti a dunƙule cikin watannin farko yana da jarin sayen babur, ko injin niƙa, ko kama shago, kafin bashi ya cinye shi. Tsofaffin ma'aikatan wasu masaƙun Kaduna kuwa sun shafe shekaru suna zanga-zanga da kai kuka kan haƙƙoƙinsu, wasu sun rasu suna jira, kuma kuɗin da aka lissafa da nairar 2002 ko an biya shi bayan shekara goma ko ashirin ba zai sayi abin da zai saya a ranar sallama ba. Aminin mahaifinka bai dogara da wannan kuɗi ba, domin jarinsa filaya ce da sukudireba da abin gwajin wuta, waɗanda suka shiga aljihunsa ya fita da su ta ƙofa. Injin da mahaifinka ya ƙware a kansa ya fi ɗaki girma, kuma an kulle shi a ciki.